Allurar da Ta Kwanta

Tun yana saurayi Baba Direba yake tuƙa motocin gidan. Shi ya ɗauko Hajiya ranar da aka kawo ta amarya, shi ya yi ta kai 'ya'yanta makaranta, shi kuma ya ja motar da ta bi gawar maigidan. Bai taɓa gogar ko da bango ba. Abu guda ya ɓoye: yanar ido ta fara rufe masa gani. Hanya yana ganinta dishi-dishi, amma lambobin da ke gaban sitiyari sun daɗe da ɓace masa, da kunne yake auna gudu. Ya san ranar da aka gane, ranar zai ajiye makulli, ga shi ɗakin da yake kwana ma na gidan ne.

Sai mota ta fara fizga idan za ta sauya giya. Shi da bakinsa ya ce a kai ta garejin ɗan ƙanensa, wanda ya goya, ya kuma kai shi koyon gyaran lantarkin mota. Hajiya ta ce da ita za a je.

Da suka isa, mai gyaran ya ce, "Baffa, allurar gudu tana motsi kuwa?"

"Lafiyarta ƙalau. Ko da safen nan ina kallonta."

Mai gyaran ya ɗaga motar a kan jak, ya shiga ƙarƙashi, ya zare soket daga wata 'yar na'ura a jikin akwatin giya. Ya ɗora mata wayoyin mita, ya juya taya. Mita ko gezau.

"Hajiya, wannan ce ke gaya wa allura da giya gudun mota. Ta mutu, kuma ba yau ba, dubi yadda tsatsa ta cinye bakinta." Ya yi murmushi. "Baffa, allurar wace mota kake kallo?"

Makanikan da ke kusa suka matso. Ya kwance tsohuwar, ya ɗaura sabuwa, ya ce Baffa ya shiga ya taka, tayoyin suna juyawa a sama.

Hajiya ta leƙo ta taga. "Baba, nawa ta nuna?"

Ya ƙura ido, ya kasa kunne. "Arba'in, ranki ya daɗe."

Mai gyaran ya fito daga ƙarƙashi yana kaɗa soket. "Ai ban ma jona ba tukuna!"

Gareji ya kaure da dariya. Hajiya kam ba ta yi ba, hannu kawai ta miƙa.

"Da jikokina kake hawa titi a haka? Kawo makullin. Ɗakin ma ina bukatarsa."

Mai gyaran ya jona soket, ya sauke motar, ya goge hannu, ya buɗe mata ƙofa. Ashe ya daɗe yana nema wa ƙanin matarsa aikin tuƙi. Nan take ya kirawo yaron, shi ya ja motar.

Baba Direba ya tsaya a bakin gareji, yana jin giya tana shiga sumul. A ransa ya ce, hamsin.