Kanwa a Miyar Pati

Adijatu ta shekara ashirin tana sayar da wakye, shinkafa da wake irin ta Gana, a bakin titi a Nima. Da aka zo faɗaɗa hanya, katafila ta kwashe rumfarta kafin azahar. Miji ya riga ya rasu, ƙarfi ya fara ja da baya, sai ta bi ejan zuwa Doha. Aka kai ta unguwar Bin Omran, gidan wani injiniya Ba'indiye mai suna Selvam, ta riƙa jinyar uwarsa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Pati ake ce wa tsohuwar, wato kaka, ita ma ta bi sahu.

Ba sa jin yaren juna, amma shekara huɗu ana wanka ana juya mutum a kan gado ai ta fi yare. Adijatu ta so tsohuwar nan har cikin ranta. Pati ta taɓa ganin wata a asibiti da roba a hanci ana ɗura mata abinci. Tun daga ranar, sai ta kama hannun Adijatu, ta nuna hancinta, ta girgiza kai. Adijatu ta dafa ƙirji ta yi mata alkawari, ita da ko fasfonta ba a hannunta yake ba.

Abu ɗaya Pati ke sha da daɗin rai: rasam, wata miya mai ruwa-ruwa ta ƙananan waken da suke kira dal, da tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa. Surukarta, matar Selvam, ce ke dafawa. Da surukar ta tafi Indiya haihuwa, tukunya ta dawo hannun Adijatu. Ta sha gani ana yi, ta ce wannan ai wasa ne.

To, mai wakye ba ta ɗora wake babu kanwa. Tana da ƙullinta a ƙasan akwati tun daga Nima. Ta gutsura ta jefa, don dal ya narke tsohuwa marar haƙori ta haɗiya. Ya kuwa narke luguf. Amma kanwa da tsami ba sa ga-maciji, ita kuwa miyar nan tsaminta ne ranta. Pati ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai.

Adijatu ta ƙara tsamiya, ta rage barkono, ta sauya tukunya, ba ta taɓa zargin kanwar ba. Selvam ya sayo ta gidan abinci a unguwar Najma, Pati ba ta cin abincin waje. Likita ya ce in aka yi mako ba ta ci ba, sai roba. Ranar Alhamis aka ɗauke ta zuwa asibiti, tana riƙe da gefen mayafin Adijatu har bakin mota.

A ranar kanwar ta ƙare. Washegari Adijatu ta ɗora miya haka nan, don hannu ya saba. Da ta ɗanɗana, tsami ya tsarga mata har kunne. Ta zauna a ƙasan kicin ta yi kuka, don ta gane da hannunta ta yi ɓarnar.

Ta zuba a fulas ta nufi asibiti. Nas ɗin ɗakin, Happiness, 'yar Kafanchan ce, ta tare ta.

"Mama, ki yi haƙuri. Ko ruwa an hana ta ta baki yanzu, huhu zai shiga."

"Ɗiyana, cokali ɗaya kawai. Ni na ɓata shi, yau ya yi daidai. Bari Pati shi sha ɗaya, halas, shi ke nan."

"Wallahi ba zan iya ba, Mama."

Adijatu ta riga ta buɗe murfin, ƙamshi ya cika ɗakin. Pati ta buɗe ido, da robar a hancinta, ta juyo da ƙyar ta buɗe baki tana jira. Adijatu ta mayar da murfin a hankali ta ɗaure. Tsohuwar ba ta rufe bakin ba.