Mai Igiya a Tashar Kankiya

Adawiyya, ke da ko randa ba ki iya leƙawa don tsoron ruwa, saurari wannan. Wani dattijo na zaune a tashar Kankiya, idanu jajawur, yana numfashi ta baki kamar iskar za ta ƙare. Kabo mai shayi ya ce da can dattijon nutso yake a kogon teku, da tulun iska a baya. Su biyu suka shiga ɗaure da igiya ɗaya, shi kaɗai ya fito.

Igiyar na hannunsa, bakinta cikin jaka. Yakan ja sau biyu ya jira, yadda suke tambayar juna lafiya a ƙarƙashin ruwa.

Na ce, "Baba, kifi ya kamu?"

Ya ce, "Yi shiru, ɗana. Zai amsa."

Wallahi ina kallo igiyar ta miƙe.