Bashiru Ya Tafi da Hakkinsa a Wuyan Wani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita, sai ga kiran yayan Bashiru. Wai Bashiru ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku. An ɗauko shi a babur daga garinsu Fakku za a kawo shi asibiti nan Tambuwal, ba su yi nisa ba rai ya yi halinsa.

Yanzu muka dawo daga kai shi makwancinsa. Ko ƙurar ƙafata ban wanke ba.

Ga wanda bai san shi ba, Bashiru abokina ne, ajinmu ɗaya a jami'a, muka karanci fasahar kwamfuta, wato IT. Ni da na shiga, ko fayil ban iya ajiyewa ba. Shi ya zaunar da ni ya koya min rubuta kod. In na fara zagin na'urar sai ya yi dariya ya ce, "Sanusi, kwamfuta ba ta ƙiyayya. Abin da kac ce mata shi taka yi."

Ranar jarrabawa ya taɓa ba ni laftof ɗinsa in yi bita, shi ya koma karatu a takarda. Laftof ɗin da sai da babansa ya sayar da bijimi aka saye shi.

Yau zan faɗi abin da ya hana ni faɗi.

A shekarar ƙarshe kowa zai yi firojet, wato aikin kammala karatu. Bashiru ya haɗa manhaja mai kiran makiyayi a waya, ta gaya masa da Hausa cewa lokacin allurar saniya kaza ya yi. Don babansa ya yi ta, tsohon ba ya karatun boko. Wata bakwai yana kanta.

Da aka yi hutu, saboda matsalar wuta a wajensu, sai yakan bar laftof ɗin a gidanmu in yi masa caji. Wata rana wani ɗan ajinmu, ɗan garin nan, ya zo ya ce in ara masa laftof ɗin na minti goma zai kwafi wani darasi.

Ni na miƙa masa. Da hannuna.

Ashe firojet ɗin ya kwashe kaf a filash. Ya canza take, ya canza kala, ya riga Bashiru miƙawa. Da Bashiru ya kai nasa, aka ce shi ne ɓarawon. Aka soke aikin, aka ƙara masa shekara. Jama'a, mai kaya ya zama ɓarawo!

Na ce zan je gaban kwamiti in ba da shaida. Bashiru ya riƙe min riga. Ya ce, "Kak ka tahi. Za su ce da kai anka haɗa baki, su riƙe ka kai ma. Mutum guda ya isa." Na yi shiru, na karɓi satifiket ɗina. Wannan shirun ne yake cin raina yau.

Shi kuwa gogan naku ya gama, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana yawo da wannan manhajar yana cewa shi ya ƙirƙira. Har hoto yake sawa da babbar riga, ana masa sharhi, ana cewa Tambuwal ta yi ɗa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwa ce, sati biyu da suka wuce. Ya zo neman sabis zai tura wa malaminsa babi na huɗu na sabon firojet. Ya rame, amma sai tsokanata yake, wai na yi tumbi tun ban samu aiki ba. Na ɗauko maganar mutumin, ya ce, "Bari wagga magana, saura kaɗan in ƙare." Ya saya min rake ya hau babur.

Bai ƙare ba.

To kai da ka saci aikin, na san kana karanta wannan. Ɗazu muna maƙabarta saƙonka ya shigo wayata, wai in roƙa maka iyayensa gafara, wai shaiɗan ne da ƙuruciya. Shekara guda da rabi yana raye, lambarsa tana wayarka, ba ka ga damar kira ba sai da ka ji an binne shi?

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda ko karanta abin da ka sata ba ka iya ba. Shanun da aka yi gwaji da su a cikin manhajar, sunayen shanun baban Bashiru ne, ɗaya bayan ɗaya, har da mai karyayyen ƙaho. Suna nan cikin kwafin da ka miƙa wa makaranta. Kai da ko akuya ba ku da ita a gidanku.

Ranar Litinin da ni da yayansa da laftof ɗin za mu sashenmu a jami'a. Zan faɗi wanda ya ara, zan faɗi wanda ya bayar. In sun ga dama su haɗa da satifiket ɗina, wallahi ban damu ba. Amma sai an cire sunanka daga kan aikin nan an mayar da nasa.

Masu shigo min inbos kuna cewa in yi haƙuri, ku riƙe haƙurinku. Na yi haƙurin, ga inda ya kai mu.

Batun gafara kuma, ka makara. Ba ta hannuna, ba ta hannun iyayensa. Hakkin mutum sai mai shi yake yafewa, mai shi kuma da hantsin nan muka rufe shi da ƙasa. Ka jira ku haɗu.

Allah Ya jiƙan Bashiru, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba tsohonsa juriyar wannan rashi. Ya Allah, Ka bi masa hakkinsa tun a nan duniya, ni kuma Ka yafe min shiruna.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi masa addu'a ba.