Buhun gero ya fid da Yaya Sani

Inna na shanyar wake, sai ga kiran wanmu soja, Yaya Sani, a salulata.

Sati biyu ke nan hankalinmu a tashe. An canza musu gwajin ƙarfin jiki: bayan gudu, yanzu sai ka saɓa abokinka a kafaɗa. Wanda ya kasa ba ƙarin girma, ga Yaya ya haura arba'in.

Na miƙa wa Inna salular. Ya ce, "Inna, na ci."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Wanda ka ɗauka ya kai buhun geron da a da kake loda wa amalanke ranar kasuwar Dungas?"

"Bai kai ba, Inna. Shi har riƙe ni yake."

Dakon da ya guje wa ya shiga soja, shi ya fid da shi.

Ku fa, wane aiki kuka tsana ya yi muku rana?