Ɗan Rakiyar Gyaɗa

A watannin kulle, kusan kullum shinkafar kwakwa nake tapau, wato in sayo a ƙunshe, daga kedai, ɗan shagon abincin ƙasan benenmu a Wangsa Maju, can ƙasar waje, kuma kullum sai na tsince ƙananan kifayen tekun da ke cikinta na ture gefe. Abokiyar ɗakina ta ɗauka ƙyanƙyami ne. A wurin Kaka na koya.

Kaka ba ta cin kifin teku. Na Wudil za ta ci har ƙaya, amma da an fasa na gwangwani sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Tana yarinya yayanta ya tafi Ikko, ya samu aikin zuba gawayi a jirgin ruwa mai dakon gyaɗa zuwa Turai. A yaƙin Hitila aka nutsar da jirgin. Babu gawa, babu kabari. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Na san abin da kifin ya ci ne?"

Duk azumi ana saukar Alƙur'ani a gidanmu, a kira sunayen mamata a yi musu addu'a. Baffa, ɗan wan kakana, shi ke riƙe da takardar. Ubansa ya yi soja a Boma, don haka ranar sai ya goge lambobin tsohon da toka da lemun tsami ya baje su a kan darduma, yana hura hanci kamar shi ya ciwo su. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba!

Duk shekara Kaka sai ta roƙa, "A sa mini Yaya."

"Inna, ai shi ba yaƙi ya je ba," in ji Baffa. "Rakiyar gyaɗa ya yi."

Maza su yi dariya. Su ne dai masu kuka in ruwan sama ya taɓa musu takalmi.

A shekarar annoba sai ta waya aka yi saukar. Idon Baffa ya raunana, ya turo mini hoton tsohuwar takardar. "Ke 'yar boko, buga mini da manyan baƙi. Ban da ƙari."

Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, na sa sunan yayan Kaka a tsakiya, daidai ƙarƙashin na sojan Boma.

Baffa bai iya duba abu kafin ya karanta ba, muryarsa kawai yake so a ji. Ya rera sunan da ƙarfi, gida duka ya ce amin. Sai a lokacin ya gane sunan wa ya kira.

An kara wa Kaka waya a kunne. Daga Kano na ji muryarta, siririya: "Ban ji ba. Sake faɗa."

Ya sake, don ba shi da mafita.

Har yau Baffa ba ya amsa gaisuwata, ni kuwa ban rasa komai ba. Takardar tana cikin kwamfutata, kuma a gidan babu wanda ya iya bugu sai ni.