Takabar Baba Mai Jakai

Surukina ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Ku dai kun san Baba Mai Jakai na Illela, kun kuma san gaisuwarsa. Tun ba ka buɗe baki ba zai tare ka: "Lahiya lau nike, mi as same ni?" Ranar da raƙumin Buzaye ya harbe shi a kasuwa, yana kwance ƙafa a karye, haka ya ce wa masu ɗaukarsa.

Shekarar da Nasara suka raba ƙasa da Faransi, aka kafa wani ƙarfen iyaka a bakin gonarsa ta hanyar Ƙonni. Hankalin kowa ya tashi, ana raɗe-raɗin za a hana fatauci. Baba ya je ya ɗaure jakinsa a jikin ƙarfen. Dogari ya zo yana kumfar baki, shi kuwa ya ce, "A gaishe min da Nasara, turken ga ya yi ƙwari."

Kuka ne kawai ba ya jurewa. Da mijin ƙanwarsa Gwaggo Hajo ya rasu, ta gama takaba mata suka watse, sai ta shige ɗaki. Ta bar kaɗi, ta bar magana, ta rame. Baba ya leƙa ya ce, "Ciwon mata na. A ba ta hura." Ya wuce abinsa.

Sai Inna, matarsa, ta rasu. Ana gama sadakar bakwai maza suka naɗe tabarmi, suna ba shi shawarar ya nemi bazawara. Ya ce lafiyarsa lau. Amma ni ke kai masa tuwo, ni ke ɗauko akushin yadda na kai shi. Jakai na kuka, ko kallo. Na gaya wa mijina, ya ce ai Baba ya ce lafiyarsa lau. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Kullum na doshi ɗakinsa sai na tsaya na ji tarinsa kafin in shiga.

Wata safiya ya shiga ɗakin Inna, ya zauna a tabarmarta, ya ce ya shiga takaba. Gari ya ɗauka. Liman ya zo da kansa.

"Malam, takaba ta mata ta, ba ta maza ba."

"To mi anka ba maza?"

"Haƙuri."

"Shi anka ba ni tun ran bakwai, ya ƙi haɗiyuwa. Mace ana zamna mata, a bar ta ta yi kuka. Ni an ce in tashi in bi jakkai."

Liman ya yi addu'a ya fita. Ba wanda ya zo taya shi zama, maza na jin kunya, mata na dariya. Akushi kuma yana nan cike.

Da na rasa dabara, na je na durƙusa gaban Gwaggo Hajo. Na roƙe ta ta zo ta taya shi zama, na komo har na fid da rai. Can sai ga ta da mazari da auduga, ita da ta daɗe ba ta taka ƙofar gida ba. Ta zauna bakin ɗakin tana kaɗi. Sannan ta dube shi ta dube ni.

"Ciwon mata na. A ba shi hura."

Baba ya kwashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Na kawo furar, ya shanye tas.

"Hajo, haka kinka ji?"

"Haka nika ji har yau."

"Gobe ki komo."

Kullum sai ta zo, ana ci ana faɗa, har su duka suka murmure. Ya ƙara ganin damina da yawa. A ciwonsa na ƙarshe na shiga na tsaya ina jiran gaisuwar nan tasa, sai ya ce, "Yau kam babu lahiya, ɗiyata. Zamna."

Na zauna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa shi da Inna, kada Ya bar shi shi kaɗai a kabarinsa.