Hannuwan Yayana

Jiya da hantsi maƙwabcinmu ya zo ɗaure babur ɗinsa a ƙofar gida, sarƙar ta ja ƙasa ta yi 'yar ƙararta, sai kawai na ga tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Shekara hamsin ke nan da 'yan kai, amma har yau ba na iya jin sarƙa tana jan ƙasa in ci gaba da abin da nake yi. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ba labari ne mai daɗi ba.

A wani ƙauye na tashi tsakanin Bici da Shanono, inda gonaki suke manne da juna, layin gamba kaɗai ke raba ta wani da ta wani. Ina da wa, shekara huɗu ya ba ni, kuma bai taɓa yin magana ba. Ba kurma ba ne. Hasali ma jinsa ya fi na kowa, kuma jin nan shi ne wahalarsa. Jaki ya yi kuka, ko mata su haɗu a turmi suna lugude, ko a yi tsawa, sai ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya tsuguna yana kaɗa jiki gaba da baya har ƙarar ta wuce. Daga nan ya tashi ya koma harkarsa kamar ba a yi ba.

Mutanen gari dolo suke ce masa. Kakarmu kuwa, wadda ta haifi Baba, muna ce mata Iya, maigida take kiransa, tana tsokanarsa wai ya ƙi kawo mata cefane. Ita ta koya masa rage shuka. In gero ya tsiro da yawa a rami ɗaya, sai a cire wasu a bar uku. "Uku-uku, maigida," haka take ce masa. Wallahi ban ga wanda ya kai shi iya wannan aiki ba. Zai bi kunya daga farko har ƙarshe bai tsallake rami ɗaya ba, yana 'yar gunzarsa ta jin daɗi.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi ta zo. Sau biyu ana shuka tana ƙonewa. Muka koma cin tafasa da dusa, Inna tana kankare ƙasan rumbu da ƙoƙo. Maƙwabcinmu na gabas ya sayar da tunkiyarsa ta ƙarshe ya samo iri, ya yi shuka ta uku, Allah ya sa ta tsiro. Abin da Iya ba ta taɓa koya wa Yaya ba, don ba ta taɓa zaton buƙatarsa ba, shi ne ba a rage shuka sai ƙasa na da laima. Wata safiya, kwana goma ba ɗigon ruwa, ya tsallake gamba ya shiga gonar mutumin nan ya yi masa aiki tsakaninsa da Allah. Duk wanda ya cira sai ya girgiza saiwar sauran. Kafin la'asar rabin gonar ta kwanta.

Mutumin bai zagi kowa ba. Zama ya yi a bakin gona yana kuka, mai 'ya'ya bakwai. Dattawa suka taru a zauren mai unguwa, aka ce yaron nan ba zai ci gaba da yawo a sake ba. Akwai wani malami a gaba da mu, tafiyar hantsi, wanda ake kai wa masu taɓin hankali, aka yanke a kai shi can. Iya ta ƙi, amma a lokacin ƙafafunta sun kumbura, muryarta ba ta wuce tsakar gida. Zan kuma faɗi abin da ba wanda ya faɗa a ranar: an rage bakin mutum ɗaya a kan ƙwaryar tuwo.

Da ni aka tafi, ina shekara tara, don Yaya ba ya bin hanyar da bai sani ba sai na riƙe gefen rigarsa. Kada ka ɗauka malamin mugu ne. Dattijo ne mai sanyin murya, kuma a wannan yunwa daga rumbunsa yake ciyar da mutanen da danginsu suka ajiye suka tafi. Ya sa aka zaunar da Yaya a zaure, manyan ɗalibansa huɗu suka kewaye shi suka ɗaga murya da karatu. Nan take Yaya ya toshe kunnuwa ya fara kaɗa jiki.

Malam ya dube ni ya ce, "'Yata, haka yake yi in ya ji kiran salla?"

Na ce, "E, Malam."

Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Sauran, wato jaki da turmi da tsawa, yana nan a bakina. Sai dai an hore mu cewa yarinya ba ta ƙara wa manya magana a kan abin da aka tambaye ta, ga kuma idon Baba a kaina. Na haɗiye.

Malam ya ce wa Baba, "To, ka gani. Ba shi ba ne. Aljanin jikinsa ne ba ya son jin karatu." Aka kawo igiyar rama aka ɗaure hannuwansa biyu a gaba, don karatu ya shiga.

Ɗakin da aka sa shi yana bayan gida, ƙofar langa-langa, taga kamar faifai. A gindin bango akwai turu, wani gungumen icce mai nauyi, an sa wa Yaya marin ƙarfe a ƙafa ɗaya, sarƙa ta haɗa shi da turun. Taku uku take kai shi, ba ta kai shi bakin ƙofa. Duk Juma'a ni da Inna muke zuwa da ɗan abin da ya samu. Tun daga zaure nake jin sarƙar tana jan ƙasa. Ciki zafi, da warin fitsari da hayaƙin magani. Ƙafarsa ta share ƙasa ta yi rabin da'ira, iyakar duniyarsa ke nan.

Da farko lokacin karatu kaɗai ake ɗaure hannuwan, sau uku a yini. Da ya rasa hannu sai ya fara cusa kai tsakanin gwiwoyi, daga baya ya koma buga shi da bango. Aka ce aljanin ya fusata, alamar magani na ci ke nan, aka bar igiyar a hannunsa dare da rana. Wata Juma'a na ga ya tara 'yan ɓarɓashin bango da yatsun ƙafa, ya jera su uku-uku. Bai dube ni ba. Ƙofar yake kallo.

Wata huɗu ina ɗauke da rabin maganar nan, ina jin ni na ɗaure shi. Ranar da na kasa jurewa, na gaya wa Iya ina kuka. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce a ɗaura wa jaki akumari. Da ƙyar aka ɗora ta. A zauren malam ta zauna ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan ko jakin da ya kawo ni ya yi kuka, toshe kunne zai yi. Shi ma jakin, karatu yake yi?"

Malam ya ce, "Da an gaya mini, Iya." Ya aika a kira maƙeri ya cire marin.

Yaya ya ƙara shekara talatin a duniya. Bai sake shiga gona ba, kuma bai sake ɗaga hannu zuwa kunnensa ba. In aka yi tsawa sai ya haɗa wuyan hannuwansa a cinya, kamar igiyar na nan, hawaye na zuba. Maƙeri bai iya cire wannan ba.

Yanzu an yanka gonakinmu filaye, likitoci ma sun ba larurar Yaya suna. Amma ina jin labarin ɗakunan da ake kulle irin su Yaya, wasu na ƙasa, wasu da farin fenti. Ina da jika ɗan shekara huɗu, ɗan 'yata, shi ma bai fara magana ba. Juma'ar da ta wuce aka kunna lasifikar masallacin unguwa, ya toshe kunnuwa ya tsuguna. Baffansa ya miƙa hannu yana cewa, "Kai, sauke hannunka, karatu ake yi."

Na ce, "Ƙyale shi. Haka yake yi in an tayar da janareta, haka in an kunna injin markaɗe, haka in an yi tsawa." Na lissafa su duka, ban bar ko ɗaya ba. Sannan na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na ɗora tafukana a kan nasa.